Jirgin da Ake Auna Mansa da Shayi

Gardamar farko da aka yi a kan jirgin Abdulgani, a kan kwalbar jariri aka yi ta. Abdulgani ne kuma ya sha ƙasa, a tsakar gidansa na unguwar Marjandafak, a gaban 'yarsa da wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya, ta ga abin kallo, ta manta da rariyar.

Hamdiyya, 'yar tasu, ta zo gida hutu da jaririnta Waliyyullahi, yaron da sunansa ya fi shi nauyi. Ran nan ya tsala kuka, aka nemi bibiro, kwalbar shan madararsa, sama da ƙasa aka rasa. An ɗaga tabarma, an zazzage kwando, har an fara zargin akuya. Sai Mairama, matar gidan, ta tsaya cik ta karkata hanci. Ta bi warin fetur har ƙofar ɗakin da mijinta yake kira wurin aiki, ita kuma take kira juji. Ga Abdulgani a tsugune, ya huda murfin bibiro ya zura masa siririn tiyo, ya cika shi da mai, yana kokawar cusa shi cikin wani jirgin sama na katako wanda tsawonsa bai wuce tabarmar sallah ba.

"Baban Hamdiyya, me nake gani haka?"

"Tanki," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Kin ga layukan nan na jikinsa? Da su zan riƙa sanin man da ya rage. Nasara da kansu ba su yi wannan dabara ba."

"Jikanka na can zai shiɗe da kuka, kai kana nan kana shayar da katako."

"A ba shi da cokali. Mu da cokali aka ba mu, ga mu nan."

"Ai mun ga sakamako. To na ji, layuka. In abin nan ya tashi, ina yake zuwa?"

"Sama mana."

"Kai kana ina?"

"Ƙasa."

"Kwalbar fa?"

Abdulgani ya dubi kwalbar, ya dubi jirgin.

"Tana cikin cikinsa a rufe, can wajen shaho," in ji Mairama. "To da wane idon za ka karanta layukan? Ko jirgin ne zai leƙo ya ce, Malam, saura rabi?"

Maƙwabciya ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Abdulgani ya zare tiyonsa ya miƙa kwalba. An wanke ta da toka, an wanke da sabulu, yaro ya shinshina ya kau da kai. Jirgi dai ya ƙare da gwangwanin madara a matsayin tanki.

Wannan Abdulgani jikan mahajjaci ne. Kakansa ya baro ƙasar Katsina da ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya huta kaka ɗaya ya ci gaba. Kabarinsa na nan cikin gari. 'Ya'ya da jikoki suka kama sayar da atamfa da goro a babbar kasuwa, suka yi tumbi, suka yi rawani. Abdulgani kaɗai ya fita zakka. Tun yana yaro in ya ga abu yana juyawa sai ya kwance shi ya ga dalili. Ya girma ya zama mai gyaran gurup, injin wutar nan da kowane shago yake ajiyewa, a garin da lantarki yake zuwa kamar baƙon da bai san gidan sosai ba. Aiki bai taɓa yanke masa ba. Sai dai shekaru da kai cikin ƙarar inji ba su bar shi haka ba: kunnen hagu ya yi ritaya tun da wuri, na dama yana aikin rabin yini. Shi kuwa ko kusa bai yarda ba. Cewa yake mutanen yanzu ne suka koyi magana ciki-ciki kamar masu gulma.

Jirgin, wani Nasara mai haƙa rijiyoyi ne da ya zauna a unguwar Kilemat ya bar masa. Abdulgani ne mai gyara masa gurup. Da zai koma ƙasarsu ya ba shi gawar jirgin, fiffike a karye, inji a mace, da akwatin tuƙi mai sanduna biyu da doguwar eriya. Da wani ne, da ya ba yara su yi wasa. Abdulgani ya rufe kansa a ɗaki, ya ɗinke fiffike da yadi da gam, ya ciro inji daga wata tsohuwar na'urar feshin gona ya rage mata nauyi, ya sassaƙa farfela da hannunsa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Wata Juma'a bayan sallah ya ɗaure fiffike a bayan babur ya nufi bakin kogi, can inda gari yake ƙarewa, wurin da ruwa kan ja baya da rani ya bar yashi shimfiɗe kamar faifai. Abin ya tashi. Masunta suka saki taru, masu wanki suka tsaya da kumfa a hannu, shi kuwa Abdulgani, dattijo mai furfura, yana tsalle kamar an yi masa bushara.

Amma tambayar Mairama tana nan ba ta amsu ba. Jirgi a sama, mai a cikin gwangwani, mai jirgi a ƙasa. Yanzu an ce akwai 'yar na'urar da ke aiko maka da labarin mai har hannunka. A lokacin ko labarinta bai iso Marjandafak ba. Masu wannan wasa da kunne suke ganewa: in mai ya kusa ƙarewa muryar inji takan sirance ta yi sama kamar mai guɗa, sai tari, sai shiru. Abdulgani ba ya jin guɗar, ba ya jin tarin. Agogo kuwa, wanda ya ɗauke ido daga jirginsa ya dubi hannu, kafin ya ɗago ya rasa inda kan jirgin yake da inda wutsiyarsa take. Tashi na uku, jirgi ya mutu a sama ya dira cikin albasar wani mai lambu, mai lambun ya biyo su da fartanya.

Juma'a ta gaba Mairama ta ce da ita za a je, wai a samu mai kawo labari gida in abin ya sare masa wuya. Ta hau bayan babur da kanun, ɗan murhunta na gawayi, da butar shayi, fiffike ya tokare mata haƙarƙari, tana zagi tun daga ƙofar gida har bakin ruwa. Ta shimfiɗa tabarma, ta hura gawayi ya yi ja. Daidai lokacin da tayoyin jirgi suka bar yashi ta ɗora buta, ba don komai ba sai don hannunta ya samu abin yi. Da shayi ya taso da kumfa ta ƙwala masa kira ya zo ya sha. Bai ji ba. Ta ɗauki tsakuwa ta jefe shi a gadon baya. Ya firgita, ya sauke jirgi don ya zo ya yi faɗa, ya buɗe gwangwani: kashi ɗaya cikin uku ya rage.

Suka sake gwadawa, haka. Wata Juma'ar, haka. Daga nan abin ya zama doka. Buta ɗaya, ruwan sanyi iya wuyanta, gawayi ya riga ya yi ja, a ɗora sa'ad da taya ta bar ƙasa. Kumfa ta taso, tsakuwa ta tashi. Mairama ta ce a duk aikin aure ba wanda ya kai wannan daɗi, a ce lada ake ba ka kana jifan miji. Har zaɓen tsakuwa take yi tun daga gida. Shekaru suka yi haka, jirgi bai sake mutuwa a sama ba, Abdulgani ya daina tunanin mai kwata-kwata. Ya bar wa buta.

Sai shekarar da 'yan tawaye suka shigo har tsakiyar gari. Wanda ya ga wannan ba ya son a tuna masa. Mutane suka yi ta tsallaka gada zuwa Kusiri, garin ƙasar da ke tsallaken kogi, da katifa a ka. Abdulgani da Mairama suka kwanta ƙarƙashin gado, shi yana jin rugugin a ƙirjinsa, ita tana ji da kunne tana gaya masa ko kusa ne ko nesa. Da ƙura ta lafa gari ya koma harkokinsa, amma ba kamar da ba. In wani abu ya yi ƙara a sama, sai ka ga mai tallan mangwaro ya duƙa. Mutane suka koyi yin hira suna waiwaye. Abdulgani ya naɗe jirginsa a buhu ya rataye a rufin ɗaki.

A can bakin kogi kuma, ƙasa kaɗan da yashinsu, katanga ta tashi. Doguwa, fara, ba suna a ƙofa. Ba wanda yake faɗin mai gidan; "gidan can" kawai ake cewa, a nuna da haɓa. Akwai masu kaki a kan soro, akwai motoci buɗaɗɗun baya da bindiga a tsaye. Mudi tela, maƙwabcin shagon Abdulgani, ya ce wani mai ɗaukar hoton biki ya je wajen ya ɗauki faɗuwar rana a kan ruwa, har yanzu matarsa tana kai abinci wurare daban-daban tana tambaya. Ko gaskiya ne ko ƙarin gishirin Mudi, ba wanda ya je ya bincika.

Ana cikin haka aka hana gawayi. Aka ce sare itatuwa ya yi yawa, duk wanda aka kama da buhu ya kuka da kansa. Ana ta raɗe-raɗin motocin da aka cinna wa wuta a bakin gari da kayansu. Mata suka shiga uku. Aka koma ɓawon goruba, aka koma busasshen kashin shanu, wata a unguwa ta dafa wake da ƙafar kujerar mijinta. Mairama ta ce ita yanzu ba ta bambance tuwonta da garke.

Shi kuwa Abdulgani, buhun nan na rufi ya hana shi sakat. Yana cin abinci yana kallonsa. Da kogi ya sake ja baya, wata Alhamis ya hau kujera ya sauko da shi.

"Malam Abdulgani, ka rufa wa kanka asiri," in ji Mudi, ya kafa masa baki a kunnen dama. "Akwati da eriya, a bakin iyaka, a wannan zamani? Ko rediyo ne ni sai na rage masa eriya in zan wuce wajen."

"Nesa da su zan yi. Sama ta Allah ce."

"Ta Allah ce, amma akwai masu gadinta."

Mairama ba ta yi dogon wa'azi ba. Ta ce masa tsohon banza, ta ce masa marar jin magana ta kowace fuska, sannan ta shiga ɗaura goruba da kashin shanu a tsumma.

"In na bar ka ka tafi kai kaɗai, wa zai jefe ka?"

Yashin yana nan yadda suka bar shi, amma ba kowa. Ba masunci, ba mai wanki, ko kwalekwale ɗaya babu a wannan gaɓa. Mai lambun albasa ma ya tashi, rijiyarsa ta rufta. Katangar tana can tana ƙyalli, iska kuma tana busowa daga bayansu tana nufar ta. Abdulgani ya ga wannan duka, ya yi kamar bai gani ba. Mairama ta haɗa wutarta, hayaƙi ya turnuƙe fari fat ya miƙe sama, tana fifita tana tari tana tsine wa shanun. Ya cika gwangwani, ya murɗa farfela, jirgi ya ruga a kan yashi ya ɗaga. Ta ɗora buta.

Wayyo daɗi. Hannunsa bai manta komai ba. Ya kai shi kan ruwa, ya karkato shi, ya hau da shi har ya zama kamar shirwa, ya dawo da shi. Yana kewayawa nesa da katangar kamar yadda ya yi alkawari. Can ya ji a jikinsa kamar lokaci ya ja. Ya gyara tsayuwa, ya miƙa gadon baya yana jiran tsakuwa. Ba ta zo ba. Ya ce a ransa ɗoki ne, wanda ya daɗe bai yi abu ba lissafinsa kan rikice. Buta ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ƙara kewaye ɗaya. Ya ƙara wani, ya faɗaɗa shi.

Jirgi yana can ƙarshen kewaye, gefen da ya fi kusa da gidan, sai siririn shuɗin hayaƙin da ke bin wutsiyarsa ya yanke. Abdulgani bai ji shirun ba, ganinsa ya yi: farfelar da ba a ganinta in tana juyawa, ga ta nan a tsaye, sanda guda a hancin jirgi.

Iska ta karɓi jirgin ta fara tura shi wajen katanga.

Mairama ta taso ta damƙi rigarsa, ta yi masa ihu cikin kunne. "Jefa shi ruwa! Baban Hamdiyya, jefa shi ruwa!"

Babban yatsansa har ya fara karkata. Sai ya hango abin da zai rage in kogi ya haɗiye jirgin: tsoho da akwati mai eriya, tsohuwa tana tayar da hayaƙi tana fuskantar wata ƙasa, da wani abu da ya nufi gidan can ya ɓace ba wanda ya ga cikinsa. Wa zai yarda katako ne da yadi? Dole ya sauka inda ido zai gan shi, hannu ya taɓa shi. A kan soro wani abu ya yi walƙiya, ya sake yi. Abdulgani ya ji dukan a ƙashin ƙirjinsa. Ya dunƙufar da hancin jirgin don ya samu gudu, ya juyo shi a hankali, a hankali, inuwarsa ta shafi kusurwar katangar ta wuce. Ya dire shi a kan turbar da ke waje. Jirgi ya gangara kaɗan ya kifa da hanci, wutsiya a sama.

A bayansu, sai a lokacin buta ta fara 'yar ƙara.

Motar da ta fito daga gidan can ba ta yi gaggawa ba. Ta tsaya nesa da jirgin, wani ya sauko ya zungure shi da bakin bindiga, ya jira, ya sake zungura, sannan ya ɗauka ya jefa a baya. Ta taho kan yashi a hankali ta tsaya inda inuwarta ta rufe tabarmar Mairama. Babbansu ya sauko, rawani ya rufe masa baki, baƙin tabarau ya rufe ido. Ya yi magana da Larabci, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda bai saba maimaitawa ba. Abdulgani bai ga leɓe ba, bai ji murya ba, ya tsaya yana kallonsa. Mutumin ya sake magana. Ɗaya daga cikin yaransa ya gyara riƙon bindiga.

"Ɗana, ɗaga murya," in ji Mairama da Larabci. "Kurma ne."

"Ni ba kurma ba ne," in ji Abdulgani.

Mai tabarau ya ja rawani ƙasa. Yaro ne ashe, bai fi sa'an Hamdiyya ba, kuma wannan bai sa hankalin kowa ya kwanta ba. Ya matso har numfashinsa yana taɓa fuskar Abdulgani.

"Wa ya aiko ku? Wa take yi wa alama da hayaƙi a can tsallake?"

Abdulgani ya yi bayani. Ya faɗi gwangwani, ya faɗi buta, ya faɗi kumfa da tsakuwa da kashi ɗaya cikin uku. Yana faɗa yana jin yadda maganar take fita kamar tatsuniya.

"Na ji ƙarya iri-iri a wurin nan," in ji mai tabarau, "amma ban taɓa jin mai shayi a ciki ba. In haka ne me ya sa ya mutu a kan gidanmu?"

Abdulgani ya dubi kanun. Goruba tana ta hayaƙi, kashin shanu yana cin kansa a hankali ba ja ba zafi. Ya dubi Mairama, ya tarar ita ma wutar take kallo. Su biyu, da furfurarsu, sun canja wa agogo ciki sun zauna suna jiran ya buga daidai.

"Za ka sake tashinsa," in ji mai tabarau. "Ita ta dafa. In ta ce sauko ka sauko na ga man da ka faɗa, to. In ya sake mutuwa, ko na ga ba haka ba, ku biyu za ku shiga ciki, kuma ba ni zan yi muku tambaya ba."

"Da wannan wutar ba zai yiwu ba," in ji Mairama. "Da gawayi abin yake aiki."

"Hajja, ba ki san an hana gawayi ba?"

"Na sani. Shi ya sa jirgi ya faɗi."

Aka sauko da jirgin daga mota. Farin fiffikensa ya yi baƙi-baƙi a gefe ɗaya. Mairama ta sa yatsa ta shafa, ta dubi yatsan, ta dubi tamfol ɗin da ya rufe wani tudu a bayan motar. Ƙurar gawayi ce. Mai tabarau ya dubi jirgin, kuma Abdulgani ya gane kallon, don ya sha ganinsa a fuskar masunta: yaron nan so yake ya ga abin ya tashi. Ya yi alama da kai. Wani ya hau mota, ya ɗaga gefen tamfol, buhunan gawayin da aka hana suka bayyana a jere har sama. Ya ciko hularsa ya kawo.

Mairama ta zubar da goruba, ta hura gawayi. Ta tuntsurar da ruwan butar da ya riga ya yi ɗumi, ta cika da na sanyi iya wuya, a gaban idonsu. Abdulgani ya miƙe tayar da ta lanƙwashe, ya samu huda a fiffike inda harsashi ya bi ya liƙe da gam, ya juye sauran fetur ɗin kwalbarsa cikin gwangwani. Sai da ya murɗa farfela sau da yawa kafin ta kama.

Jirgi ya tashi yana jan hagu. Bai kai ga daidaita shi ba ya ji ƙarfe ya zauna masa a gadon baya, daidai wurin da tsakuwa take sauka.

Ya tsare jirgin a kan ruwa, kewaye ƙanana. Ba ya jin komai, ba ya ganin komai sai ɗigon fari a sama da ke ƙoƙarin zamewa. Gawayin nan na wane itace ne? Ya bushe? In na kirya ne zai yi sauri, man da zai rage ya fi abin da ya faɗa, a ce ya yi ƙarya. In ya sha raɓa zai yi nawa. Hudar fiffike ma tana sa shi ƙara wuta, wuta kuma mai take sha. Ya kafa ido a kan shuɗin hayaƙin wutsiya, yana ganin kamar yana sirancewa. Zufa ta shiga masa ido bai isa ya share ba. Ya tuna Mairama ba ta iya kwana ba tare da maganin ƙafarta ba, kuma maganin yana gida a kan taga.

Sai ƙarfen ya ɗaga daga bayansa.

Ya san dalilin da yake sa mai bindiga ya ja da baya. Ya yi kalmar shahada, bai saki sanduna ba. Ashe, kamar yadda ya ji daga baya, Mairama ce ta dubi mai tabarau ta ce, "Gaya wa yaronka ya matsa, zan jefi mijina."

Tsakuwa ta sauka, babba, da dukan ƙarfinta.

Ya juyo da jirgi ya dire shi a gabansu, ya kashe inji. Mai tabarau da kansa ya buɗe gwangwani, ya leƙa, ya jijjiga, ya zura tsinke ya duba inda ya jiƙe. Kashi ɗaya cikin uku, ko kaɗan ƙasa da haka. Yaransa suka fara dariya, ya dube su suka daina. Mairama ta zuba shayi ta ɗaga buta sama yadda ake yi, hannunta bai zubar da ko ɗigo ba, ta miƙa masa. Ya tsuguna ya sha a hankali har ƙasa.

"Shayi ya yi, Hajja," in ji shi. "Ku hau mota."

"Ba haka muka yi da kai ba!"

"An yi harbi. Maigida ya ji harbi. In ya ji harbi sai an kai masa wanda ya jawo."

"Ka ga gaskiyarmu da idonka!"

"Ni na gani. Shi bai gani ba."

"Ku tafi da ni, ku bar ta," in ji Abdulgani. "Jirgi nawa ne."

"Hayaƙi nata ne."

Mairama ta roƙe shi da darajar uwarsa, ta roƙe shi da nonon da ya sha, da ta ga ba ya ji ta koma Hausa ta fara yi masa wasu addu'o'in da gara da bai fahimta ba. Ya ce kalas, magana ta ƙare. Wani ya buɗe ƙofar bayan mota, wani ya kama gefen lafayarta. Rana ta sauka a kan Kusiri, ruwan ya yi ja, kuma har yanzu ba kwalekwale ko ɗaya da zai ce ya ga inda aka yi da su.

Abdulgani ya ajiye akwatin tuƙi a kan yashi ya karkaɗe hannu. Abin da ya faɗa bai fi numfashi biyu ba. Wanda ya kama lafaya ya saki. Mai tabarau ya waiwaya ya dubi tamfol, ya dubi katangar da Maigidanta bai san da wannan kaya ba, ya ajiye kofin a kan tabarma a hankali, motar ta juya da masu ita kaɗai. Da yake mutum ne da bai san ƙarfin muryarsa ba, da ƙarfi ya faɗi maganar da ta kore su ɗin, yadda na kan soro ma sai da suka leƙo:

"To mu je, ranka ya daɗe. Amma ni tsoho ne, ƙarya ba ta zama a kaina. In Maigida ya tambaye ni me ya sa jirgi ya faɗi da farko bai faɗi na biyu ba, gaskiya zan gaya masa: na farko wutar goruba ce, na biyu kuwa gawayi ne mai kyau, daga buhunan nan da ke bayan motarka."